Ba a sayen SOA a kwali

Wani mai kula da kwamfutocin kamfani ya rubuto: "Dillali ya ce mana da mun sayi manhajarsa ta ESB, shi ke nan mun hau tsarin SOA. Manhajojinmu uku ne: ta albashi, ta sito, da ta lissafin kuɗi. Mu saya?"

Malam, riƙe kuɗin kamfaninku. SOA (Service-Oriented Architecture) ba haja ba ce, tsarin gina manhajoji ne. Ana raba aiki gida-gida, kowane sashe ya riƙe hidima ɗaya, misali duba kayan da suka rage a sito, sauran manhajoji kuma su nemi wannan hidimar ta ƙofa ɗaya da kowa ya san ƙa'idarta. Shi ESB (Enterprise Service Bus) ɗan aike ne a tsakanin manhajoji, yana kai saƙo yana sauya masa siga. Mai manhajoji hamsin zai iya bukatarsa. Ku masu uku fa?

Wannan ɗabi'a ta sayen kaya kafin a san aikinsu tana ci mini tuwo a ƙwarya. A shekarun 2000 manyan kamfanoni sun narka dukiya a irin waɗannan manhajoji tun ba su tantance hidimomin da suke da su ba, har a 2009 mai nazarin harkar manhajoji Anne Thomas Manes ta rubuta cewa SOA ta mutu. Kuɗin lasisi somin taɓi ne. Akwai na kulawa duk shekara, ga albashin ƙwararren da zai riƙe shi, kuma ranar da ESB ɗin ya tsaya, albashi da sito tare za su kwanta. Tambayi dillalin yadda za ku kwashe aikinku in kun daina biyansa, ka kuma dubi fuskarsa.

Wani kuma: "Wanne ya fi, SOA ko sabis na yanar gizo?"

Haba! Zanen gida ko bulo? Sabis na yanar gizo, wato manhaja ta nemi hidimar wata manhaja ta yanar gizo, hanya ce ta gina SOA: ko da SOAP (ƙa'idar aika saƙo) da WSDL (fayil mai bayyana hidimar), ko da REST (salo mai sauƙi na neman hidima) da JSON (sigar rubuta bayanai). Kafin su an yi irin wannan da CORBA, wata tsohuwar ƙa'ida ta haɗa manhajoji.

Wata sabuwar ma'aikaciya ta ce an damƙa mata tsohon tsari mai SOAP, abokan aiki na cewa ya tsufa, har barci ya ƙaurace mata.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da SOAP 1.2 tun 2003, har yau bankuna da dama da shi suke aiki. Kada ki rushe abin da ke tafiya. Fara karanta fayil ɗin WSDL, ki rubuta wace manhaja ke kiran wace. Sabon aiki in ya zo, ki gina shi da REST a gefe.