Shin Ƙananan Itatuwa Suna Ƙara Yawan Irin da ke Kwance Cikin Ƙasa?

Tambaya: Ni ɗalibar nazarin tsirrai ce. Na ɗebo ƙasa daga gindin ƙananan itatuwan daji da kuma daga fili mara inuwa, na yi mata ban ruwa tsawon wata ɗaya, sai ƙasar gindin itace ta fi fitar da tsiro. Shin wannan ya isa in ce itatuwan ne suke ƙara yawan irin da ke cikin ƙasa?

Amsa: Malama, kin kama hanya, amma abin da ke hannunki bai kai ga yanke hukunci ba tukuna. Hanyar da kika bi tsohuwa ce: a littafinsa na 1859, masanin halittu Charles Darwin ya ba da labarin cokali uku na taɓon bakin tafki da ya ajiye wata shida, ya ƙirga tsirrai 537 daga ciki. Ki lura da tsawon lokacin, domin wata ɗaya yana nuna masu saurin tsiro ne kawai.

Ƙaramin itace yana yin aiki iri biyu, kuma wajibi ne a rarrabe su. Yana tare irin da iska da ruwan sama suke kwasowa, tsuntsayen da ke sauka a rassansa su ma suna zubar da wani a kashinsu. Sannan yana sauya yanayin wurin da inuwa, danshi da ruɓaɓɓen ganye, ta yadda iri zai iya tsirowa ko ya ci gaba da barci. Ƙasar gindi tana iya fin ta fili tsiro saboda ta fi taki, ko da yawan irin ɗaya ne. Shi ya sa nake ba da shawarar a tace kowane samfuri, a shimfiɗa shi siriri, ƙasa da santimita 1, cikin faranti a kan yashin da aka gasa don kashe irin da ke cikinsa, domin duka su sami yanayin tsiro iri ɗaya. Ki ajiye wasu farantai da yashin kaɗai, su tona asirin irin da ya faɗo daga waje.

Wajen ɗiba, ƙananan samfura masu yawa sun fi manya kaɗan, saboda iri yakan taru ne gungu-gungu. Ki ɗebo daga gindi, da bakin inuwa, da fili, ki raba santimita 5 na sama da na ƙarƙashinsa. Duk tsiron da kika gane ki tuge shi, idan tsiro ya tsaya ki bar ƙasar ta bushe, ki juya ta, ki sake jiƙawa. Irin dangin wake mai taurin ɓawo sau da yawa ba ya tsirowa sai an kankare shi, don haka a ƙarshe ki tsinto ragowar ki gwada da sinadarin tetrazolium, wanda ke rina ƙwaya mai rai ja.

Inda na fi so ki yi hattara shi ne wajen bayyana dalili. A jihar Kalifoniya ta Amurka, masanin tsirrai Cornelius Muller ya danganta ƙasar da ta zama fako kewaye da itacen Salvia leucophylla da sinadarin da ganyensa ke fitarwa, sai wani mai bincike, Bruce Bartholomew, ya kewaye wuraren da ragar waya don hana dabbobi shiga a binciken da ya wallafa a 1970, ciyawa ta tsiro, ya tabbata cewa zomaye, ɓeraye da tsuntsaye masu fakewa cikin itacen, waɗanda ke cinye iri da tsiro, suna da hannu sosai. Saboda haka ki haɗa gwajin faranti da wani a daji, inda za ki killace wasu wurare ki bar wasu a buɗe.