Ku Tambayi Injiniya: Famfon tifa yana kuka, bodi ba ya tashi

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina da tifa da nake ɗibar yashi da ita a gulbin Rima. Kwanan nan famfon haidirolik ɗinta, mai ɗaga bodi, ya fara kuka mai tsini, kuma in rana ta take da ƙyar bodi ke tashi. Makanikena ya ce a sayi sabo. In saya?
Mai tifa, daga Wamakko

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗi. Irin wannan kuka yawanci na famfon da mai bai ishe shi ba ne, ko wanda yake zuƙar iska. In aka ɗaura sabo ba a gyara sanadin ba, shi ma haka zai lalace.

A sauke bodi ƙasa gaba ɗaya, a kashe inji, sannan a duba man haidirolik a tankinsa. In bodi na sama awon zai yaudare ka, don man yana cikin silinda. Ɗebo kaɗan a farar kwalba. Kumfa alamar iska ce. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone, sai juyewa.

Daga nan a bi babban tiyon da ya taso daga tanki zuwa famfo. Nan ne matsalar ta fi ɓuya, domin yana iya shan iska ta bakin kilif ba tare da ya ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya ba. Wani tiyon in ya tsufa yakan lotse ta ciki. A ɗaure kilif, a wanke ragar tacewa ta tanki, a sauya filta. Filtar murfin tanki ma a duba ta, ƙurar hunturun Sakkwato tana toshe ta da wuri.

Batun nauyin bodi da rana kuwa, mai ne ke tsinkewa da zafi, sai ya riƙa zurarewa ta cikin famfon da ya soma cinyewa. A watannin Afrilu da Mayu, da zafinmu ke haura digiri 40, man haidirolik mai lambar kauri 68 ya fi mai 46 riƙe kauri, sai dai in littafin motar ya faɗi wani. In an yi duk wannan bai sauya ba, a sa agogon awon matsi. Shi zai nuna ko famfon ya gama aiki. Kada makanike ya ƙara ɗaure bawul ɗin matsi da ka, tiyo da sil za su fashe.

Don Allah, kada yaro ya shiga ƙarƙashin bodi a ɗage sai an tokare shi da ƙarfe.

Tambaya: Man inji zai iya maye gurbin na haidirolik?
Direba, daga Bodinga

Amsa: A'a Malam, sai in kamfanin da ya ƙera ya yarda. Ya fi kauri da sanyin safiya, yana wahalar da famfo. Ko na haidirolik ɗin ma a zuba shi da mazurari mai tsabta, daga jarka rufaffiya.