Kafin ka ce bairos ne, ƙirga haƙarƙari

Ɗana, jiya muna rufe ɗakin hoton X-ray na asibiti ka tambaye ni: "Oga, in na dage da shafukan nan na intanet masu koyar da karatun hoton ƙirji, zan iya gane nimoniyar bairos da kaina?" Gajiya ta hana ni ba ka amsa a tsaye, to ga ta a rubuce.

Ka dage da su. Mu da muka koya a zamanin fim da akwatin haske, sai ka shekara ba ka ga wani ciwon ba, sai ranar da Allah ya kawo mai shi. Kai kuwa shafin Radiopaedia, wanda wani likitan hoto a Ostireliya, Frank Gaillard, ya kafa a 2005, yana cikin wayarka da dubban hotuna da bayaninsu. Sai dai na ga yadda kake yi: ka buɗe hoto, ido ya zarce kan amsa, ka gyaɗa kai. Wannan kallo ne kawai. Rufe amsar da hannu, ka rubuta abin da ka gani a littafi, sannan ka duba. Inda ka faɗi, ka ja layi.

Kuma kafin ka nemi ciwo, ka tuhumi hoton kansa. Ƙirga haƙarƙari: in ba ka samu shida ta gaba ba, ko tara zuwa goma ta baya, mutumin bai ja numfashi sosai ba. Dubi ƙasusuwan nan biyu na gindin wuya, ko tazararsu da ƙashin baya ɗaya ce. In ba ɗaya ba, a karkace ya tsaya. Na taɓa shan kunya a kan wannan ina sabon shiga. Wani yaro ɗan shekara biyu, yana ta tsala kuka aka ɗauke shi daidai ya fitar da numfashi, huhu duka biyu suka fito fari-fari. Na rubuta nimoniya da ƙarfin gwiwa. Maigidana bai ce uffan ba, ya sa aka ba yaron nono ya lafa, aka sake ɗauka. Huhu tas.

Abin da shafukan za su nuna maka gaskiya ne. Bairos ya fi son kama ɓangarori biyu, ya bar wani hazo-hazo irin na hunturu, wanda kana iya hango jijiyoyin jini ta cikinsa. A yara ƙanana za ka ga bangon hanyoyin iska ya yi kauri, ƙirji ya cika da iska fiye da kima. Korona, da ta shigo mana ta Legas a watan Fabrairun 2020, ta fi zama a gefe-gefe da ƙasan huhu, ba ta cika tara ruwa ba, kuma a kwanakin farko hoton kan fito lafiya lau alhali mutum na ɗauke da ita. Baktiriya kuwa takan mamaye yanki guda, fari fat.

Amma su biyun suna aron rigar juna, hoto kaɗai ba ya raba gardama. Sannan yawancin hotunan da kake gani na marasa lafiyar wasu ƙasashe ne. Nan Jos, dattijon da ya fito daga Bukur ko Barikin Ladi, ka tambaye shi ko ya yi haƙar kuza, don ƙurar rami tana barin tabo a saman huhu. Mai tarin da ya wuce mako biyu, da rama da zufar dare, tarin fuka za ka fara kawowa a rai, a tura kakinsa gwajin GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka. Mai ƙanjamau yana da tasa nimoniyar mai kama da ta bairos sak. Tsohuwa mai kumburin ƙafa da babbar zuciya, wataƙila ruwa ne ya taru. Shi ya sa nake faɗa in an kawo takarda ba a rubuta komai ba sai "tari".

Wani abu kuma, daina ɗaukar hoton allo da waya kana zuƙowa. Hazon da muke nema shi ke fara ɓacewa. Zauna gaban kwamfutar ofis, ka rage hasken ɗaki.

Ranar Litinin ka zo da littafin. Na ware hotuna goma na marasa lafiyarmu, na cire sunayen, uku daga ciki lafiyarsu ƙalau, ba kuma zan faɗa maka waɗanne ba ne.