Amsa ga mai neman asalin gidan Tanko

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce Tanko ne sunan gidanku a takardun makaranta da katin ɗan ƙasa, wasu na cewa kakanku Bakatsine ne, wasu na cewa Bakano, kuma kana so ka san inda za ka kama bakin zaren. Ni ma na yi wannan neman, shekara huɗu ina yi daga nan unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana.

Tanko ba sunan zuriya ba ne. Laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, kamar yadda ake kiran mabiyin tagwaye Gambo, wanda aka haifa ran Laraba kuma Balarabe. Kakanninmu ba su san sunan gida irin na Bature ba. Mutum da sunansa na yanka, sai na ubansa, ko garinsu, ko sana'arsa. Makarantar boko da aikin soja ne suka ɗauki suna guda suka manna wa 'ya'ya da jikoki. Shi ya sa za ka ga Musa Kano ko Ali Zabarma a tsofaffin takardun soja, Idirisu ya koma Iddrisu, Husaini ya koma Fuseini. Namu Dogo ne, don kawai kakana dogon mutum ne. Na ɓata kusan shekara ina bin duk wani Dogo a Kumasi, a banza.

Goggona ce ta buɗe mini hanya. Na je gaishe ta ranar wata Juma'a da ɗan goro, tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, "Goggo, daga ina Baba Dogo ya fito?" Ta ce ita dai ta tashi ta gan shi a Kumasi. Da na sake tambaya ta wata fuskar, na ce wace irin tsaga ce a fuskarsa, kuma me mahaifiyarku take ce masa in sun yi wasa, sai ta ajiye faifan, ta shafa kuncinta da yatsa tana nuna mini, ta ce ai Ba'agale ne. Kalmar nan guda ta fi mini duk takardun da na tara. Agalawa fataken goro ne daga ƙasar Kano da Katsina, su da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe hanyar Gwanja. Alhassan Ɗantata na Bebeji ma cikinsu ya fito.

Daga nan ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, fatar duk ta bushe. A ganyen ƙarshe an rubuta sunaye da ajami, tawadar ta koma ja: wane ɗan wane, har uba huɗu, da kalmar Salaga, tsohuwar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, a gefe. Hannuna rawa yake yi lokacin da nake riƙe da shi. Wani dattijon malami a masallacinmu ya karanta mini, ya ce gidaje da yawa a zangonnin nan haka labarinsu yake. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, wasu suka nufi Kete Karaci inda shahararren malamin nan Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Ankara babban birnin Gana.

Wurare biyu ne zaren yake yawan tsinkewa. Tsohon garin Karaci ya nutse cikin tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo, sannan korar baƙi ta 1969 zamanin Firaminista Busia ta raba gidaje, rabi nan rabi Najeriya ko Nijar. Tambayi wa ya tafi a shekarar nan daga gidanku. Ta hanyar jikan ƙanen kakana da ya koma Kano na samu sunan ƙauyenmu.

Takardu suna da amfani, amma daga baya. In ka samu sunan yanka da na uba, ka leƙa ma'ajiyar tarihi ta Manhyia a Kumasi, ko Jami'ar Gana da ke Legon inda aka tara rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman ƙasar nan. Fadar Sarkin Zango ma ka je, akwai dattawan da suka san wa ya sauki wa.

Amma makon nan, goggo ko inna mafi tsufa a gidanku za ka fara nufa. Kunna rikodar wayarka, kada ka katse ta ko ta saki hanya, ka tambaye ta tsaga, da sana'a, da su wa ne abokan wasanku. Tawa goggon ta rasu wata bakwai bayan hirarmu, Allah ya jiƙanta. In ka samu ganye mai ajami, ɗauki hotonsa ka turo, zan kai wa malamin.