Gwaji Ya Nuna Ina Da Ƙanjamau, Ya Halatta In Ɓoye Wa Mijina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na je asibiti ɓangaren tazarar haihuwa da yardar maigidana, sai ma'aikaciyar ta ba ni shawarar gwajin ƙanjamau, na amince ban tambaye shi ba. Sakamako ya nuna ina ɗauke da cutar. Wallahi ban san wani namiji ba sai shi. Ina goyon ɗan wata biyar, kuma ina da abokiyar zama. Wata 'yar'uwa ta ce in riƙa shan magani a ɓoye, tunda Allah Ya suturta ni kada in tona wa kaina asiri. Na yi laifi? Zan iya yin shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, baiwar Allah. Rantsuwar nan ba ki buƙace ta ba. Ana ɗaukar cutar ta ƙarin jini, ta allura ko reza da mai cutar ya yi amfani da ita, har daga uwa. Ba ta zama shaidar zina a kanki ba, ke ma kada ki mayar da ita shaida a kan mijinki.

Gwajin neman magani ne, babu laifi. Tazarar haihuwa da yardar juna kuwa halal ce.

Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne abokiyar zaman nan. Maganar ta wuce ke kaɗai, don haka shiru bai halatta gare ki ba.

Shawarar 'yar'uwarki na sha jin irinta, har daga bakin masu karatu, kuma kuskure ce. Suturar da aka umarce mu da ita ta zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ce. Ke ba zunubi kika yi ba, jarrabawa ce ta same ki, kuma ɓoye ta cutarwa ce ga wanda yake kwana da ke yana amince. Annabi (SAW) ya hana a haɗa dabba marar lafiya da mai lafiya wurin shan ruwa, ina ga shimfiɗar aure? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Brunai a 1993, ta halatta bayyana sirrin marar lafiya idan ɓoyewar ta fi cutarwa.

Wasu za su ce ai maganin yana danne ƙwayar cutar har mutum ya daina yaɗa ta ta hanyar saduwa. Gaskiya ne, amma hakan kan ɗauki har wata shida ana sha ba fashi. Sannan wa ya tabbatar miki maigidan ba ya ɗauke da ita tuntuni bai sani ba? In haka ne, ke kina shan magani, shi yana zaune babu, yana zuwa ɗakin waccan baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Tsoron saki na fahimce shi ƙwarai, amma bai kai nauyin rayuka biyu ba.

Kada ki faɗa masa cikin faɗa ko a gaban mutane. Ki roƙe shi ya raka ki asibitin, masu ba da shawara sun saba sanar da ma'aurata tare. In kina tsoron duka, ki sa waliyyinki ko wani da yake jin nauyinsa ya kasance a wurin. In gwajinsa ya fito babu, ya sake bayan wata uku. Shi ma wajibi ne ya kai abokiyar zamanki a gwada ta, kuma haramun ne ya yaɗa sirrinki. Kafin nan, ki sani ƙwaya da allura da robar hannu na tazarar haihuwa ɗaukar ciki kawai suke hanawa, kwaroron roba ne ke kare shi daga cutar.

Jaririn kuma ki kai shi a gwada cikin makon nan. Kada ki yaye shi da ra'ayin kanki don firgita. Uwar da ke shan maganinta kullum haɗarin sa wa ɗanta cutar ta nono yana raguwa sosai, likita ne zai tsara miki yadda za ki ci gaba.

Allah ne Mafi sani.