Louise Dahl-Wolfe ce ta fara fitar da hoton kayan ado waje?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ce, yawancin aikina teloli nake yi wa hoton ɗinkunansu. An ce mini wata Ba'amurkiya, Louise Dahl-Wolfe, ita ce ta fara fitar da masu tallan kaya daga situdiyo zuwa fili. Haka ne? Kuma wace ce ita?

Amsa: Malama, wanda ya faɗa miki ya kusa, amma bai kai ba. In dai maganar wanda ya riga kowa ake yi, masana sun fi ambaton Martin Munkacsi, mutumin Hungary, wanda a 1933 ya ɗauki hoton wata mace tana gudu a bakin teku don mujallar Harper's Bazaar. Toni Frissell ma, mace ce, tana yi wa mujallar Vogue irin wannan aikin a shekarun 1930. Inda Dahl-Wolfe ta yi wa tsararrakinta fintinkau shi ne kala. Ta haɗa hasken rana da hoto mai kala a lokacin da yawancin masu sana'ar ke tsoron kowanne daga cikinsu.

An haife ta a 1895 a California, iyayenta 'yan asalin Norway ne. Ba da kyamara ta fara ba. A 1914 ta shiga makarantar zane ta San Francisco, ta yi shekaru tana koyon zanen jikin mutum da tsarin launi, launin kuma a hannun malaminta Rudolph Schaeffer. Sai a 1921, da ta ga hotunan da wata mai ɗaukar hoto, Anne Brigman, ta ɗauka, sha'awar hoto ta kama ta. Ta haɗu da Meyer Wolfe, mai sassaƙa, a wata tafiya da ta yi zuwa Tunisiya, suka yi aure a 1928. Shi ne daga baya yake haɗa mata bangon da ake sa wa a bayan mai tallan kaya. Hotonta na farko da aka buga ba na ado ba ne ma: wata mata ce daga tsaunukan Tennessee, ya fito a mujallar Vanity Fair a 1933.

Ta shiga Harper's Bazaar a 1936, tana da shekara arba'in, ta zauna har 1958. A cikin waɗannan shekaru 22 ta yi bangon mujallar sau 86, ban da shafuka masu kala kusan 600 da dubban hotunan baƙi-da-fari. Abokan aikinta su ne edita Carmel Snow, da Diana Vreeland mai kula da sashen kayan ado, da Alexey Brodovitch mai tsara shafi.

Ki tsaya a nan, domin nan ne sana'arki ta shigo. Fim ɗin hoto mai kala na Kodachrome ya fito a 1935, kuma ba ya yafe kuskure. Abin da aka ɗauka shi ke nan, ba kamar baƙi-da-fari ba da za a shiga ɗakin wankin hoto a ƙara nan a rage can. Haske ya yi yawa, launi ya kode. Ya yi kaɗan, inuwa ta cinye fuska. Hasken safe da na azahar da na la'asar kuma kowanne da yadda yake juya launin yadi. Wadda ta yi shekaru tana gauraya fenti ta san wannan tun kafin ta leƙa kyamara. Shi ya sa takan zaɓi wuri saboda rigar: ƙasar hamadar Arizona, farin bangon Arewacin Afirka, Kyuba, Sifaniya, kowanne don launinsa ya zauna da launin kayan. Ba ta kuma tsayawa a ɗauka. Takan bi gwajin bugun da ya fito daga maɗaba'a, ta sa a gyara har sai jan ya zama jan da ta gani. An ce masu bugun sun sha wahalarta, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Lokaci ma ya taimake ta. Yaƙin Duniya na Biyu ya datse hanyar Paris, cibiyar kayan ado ta lokacin, Amurka ta koma kan masu ɗinkinta irin su Claire McCardell, waɗanda ke yin kayan da mace za ta iya tafiya da aiki a ciki. Irin waɗannan kaya ba su dace da mace da aka kafe kamar gunki a ƙarƙashin fitila ba. Matan da ke hotunanta suna zaune ne a sake, kamar ba su san da kyamara ba.

Bangon mujallar da aka fi tunawa da shi shi ne na watan Maris 1943: wata yarinya 'yar shekara 18 tsaye a gaban ƙofar wurin ba da jini na Red Cross. Matar daraktan fim Howard Hawks ta gani ta nuna wa mijinta, aka kira yarinyar Hollywood. Ita ce Lauren Bacall, wadda ta zama shahararriyar 'yar fim. Yana ɗan ba ni haushi yadda wannan labarin ke rufe sauran aikinta, don ba shi ne hotonta mafi kyau ba.

Tafiyarta daga mujallar ta zo ne bayan Snow da Brodovitch sun bar aiki. Labarin da ita kanta ta bayar shi ne, sabon mai tsara shafi ya zo ya leƙa cikin kyamararta tana tsakiyar aiki, abin da ba a taɓa yi mata ba, sai ta gane zamanin ya sauya. Ta ɗan yi wa mujallun Vogue da Sports Illustrated aiki, ta yi ritaya a 1960. Ta rasu a New Jersey a watan Disamba 1989, tana da shekara 94.