Jakin Banjolele Ba Karyewa Ya Yi Ba

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanina, na ji saƙonka tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Ka ce ka samu banjolele, ɗan abin kiɗan nan mai tsirkiya da fata kamar ganga, ka kwance tsirkiyoyin duka huɗu za ka sa sababbi, sai ɗan katakon nan da suke hawa a kai ya faɗo ƙasa, kana tambaya ko ka lalata abin ne. To kwantar da hankalinka, ba ka lalata komai ba. Wannan ɗan katakon shi ne jaki, kuma dama ba a manna shi da gam. Ƙarfin tsirkiya ne kawai yake danne shi a kan fata. Ni ma ranar da nawa ya faɗo, wallahi har na ɗauko gam, Allah ya sa ban shafa ba.

Ga yadda za ka mayar da shi. Samo rula. Ka ga layukan ƙarfen nan da ke kan wuyan abin? Ƙirga daga sama har na 12. Auna daga inda tsirkiya take farawa a can sama zuwa layi na 12, sannan ka sake auna daidai wannan tsawon daga layin zuwa kan fata. Nan jaki zai zauna. Ka ɗaure tsirkiya, ka kaɗa ta a sake, sannan ka danna ta a layi na 12 ka kaɗa. Murya ɗaya ya kamata ka ji, sai dai ta biyun ta fi siranta. In ta zarce sama, ja jakin baya kaɗan. In ta gaza, matso da shi wajen wuya. Kaɗan fa nake nufi, kamar kaurin farce. Yauwa. Gobe kuma in za ka canza tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya ake yi.

Wasu a zaure suna tambaya wai wace irin jita ce wannan. Ba jita ba ce. Barbarar yanyawa ce. Wuyan na ukulele ne, wato 'yar ƙaramar abar kiɗan nan mai tsirkiya huɗu ta Hawai da ta samo asali daga kayan kiɗan da mutanen Fotugal suka kai tsibirin a 1879. Cikin kuma na banjo ne, zagayayye da fata kamar ganga, shi kuwa banjo bayi 'yan Afirka ne suka fara haɗa shi a can nahiyar Amurka da ƙwarya da fata. Wani Alvin Keech ne ya yaɗa haɗin wajen 1917, daga baya George Formby na Ingila ya yi suna da shi a shekarun 1930. Dalilin haɗin a fili yake: muryar ukulele ba ta cika ɗaki, lokacin kuma ba lasifika kamar yanzu, sai aka ba ta fata don ta yi amo.

Ni a wani tsohon bidiyo na fara ganinsa, na yi ta mamaki, ƙaramin abu amma sai ka ce ana buga kwano. Da na samu nawa, wata guda ina kaɗa shi kamar jita, yana yi mini ƙara mara daɗi. Sai daga baya na gane ganga ce mai tsirkiya. Muryarsa ba ta jimawa, tana fita tana mutuwa, saboda haka aikin duk yana hannun dama. Hannun hagu ba wuya: saitinsa, wato muryoyin tsirkiyoyin huɗu, G, C, E, A ne, kuma yatsa ɗaya a layi na 3 na tsirkiyar ƙasa, in ka kaɗa duka huɗun, ya ba ka haɗin muryoyin da ake kira C. Amma daman nan, hmm. Saki wuyan hannunka kamar kana yarfe ruwa, ka sauko da farcen manuniya, ka koma da cikin yatsa. Kada ka kaɗa a tsakiyar fata, matsa wajen da wuya ya haɗu da ciki, a nan ya fi taushi.

Af, na kusa mantawa. Kada ka sa masa tsirkiyar ƙarfe, ta nailan ce tasa. Kuma in fatarka ta dabba ce, za ka ga in an yi danshi ta saki, jakin ya ɗan nutse, murya ta dushe. Sukurorin da ke kewaye da ita za ka ɗan ɗaure, wannan sannan na ɗaya gefen da ke kallonsa, kwata-kwatan juyi kawai. In ƙarar ta dami mutanen gida, cusa tsohuwar safa a bayan fatar, ni haka nake yi da dare.

In ka mayar da jakin, ɗauko mini muryar tsirkiyar ƙasa a sake da kuma a layi na 12, in saurara.